Habila Ya Sa wa Fano Ƙafafu

A Tasawa in ka tambayi Habila kawai, sai a ce maka wanne. In ka ce Habila mai amalanke, ko mai tallan goro ta san inda za ta nuna maka. Rumfarsa tana bakin kwalta, ƙarafa jingine da katanga, tsofaffin tayoyi a jibge gefe guda. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, furfura ta cinye masa kai, bayan hannuwansa duk tabon tartsatsi. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita: ba ya iya wuce amalanke bai duƙa ya leƙa ƙarƙashinsa ba. In aikinsa ne, ya miƙe yana murmushi. In na wani ne, ya girgiza kai a hankali, ya yi wa mai shi fatan Allah ya kai shi gida lafiya.

Ba ɗan gidan maƙera ba ne. A wani ƙauye kusa da Korgom aka haife shi, cikin ɗaya daga ƴan gidajen Kirista da ke wurin, manoman gero da wake kamar kowa. Da ya tasa ya bi samari cin rani Maradi, ya faɗa garejin wani mai walda. Abokan tafiyarsa suka koma gida da ruwan farko, shi kuwa ya zauna, don ya ga abin da bai taɓa gani ba, wato ƙarfe biyu su zama ɗaya a hannun mutum. Ya dawo Tasawa a lokacin da manoma suka fara gane daɗin amalanke. Da shi ake kai taki gona, da shi ake kwaso dammuna, da shi ake ɗebo ruwa, da shi ake kai mai naƙuda likita in dare ko rana ta kama. Habila ya tsaya kan wannan aiki guda, bai waiwayi ƙofofi da tagogi ba, har sunan ya manne masa.

Ranar Lahadi kasuwar Tasawa ke ci, ranar ce kuma mutanen ƙauye ke shigowa da abin da ya karye musu. Habila kuwa da safe yana majami'a. Da farko an yi ta gunaguni, daga baya aka saba. Masu jira su ɗaure dabbobinsu a inuwar itacen bedi, su sha shayi, su yi ta labarin damina har ya fito. Shi ma in an kira azahar yana tsakiyar aiki, sai ya kashe inji ya shimfiɗa musu tabarma a cikin rumfar, ya koma gefe ya ci abincinsa.

Matarsa Keziya ce ke kawo abincin. Doguwa ce, ta fi shi tsawo da kusan kai guda, tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a gida, ita ke ba da waƙa a zumuntar mata, kuma ba ta ɓoye abin da ke bakinta. Ƴaƴansu sun girma sun watse, babban, Matiyu, yana tuƙin mota a Maradi. Tsallaken kwalta kuma akwai rumfar Sirajo, shi ma mai walda ne, ya yi ƙanen Habila nesa ba kusa ba. Kowace safiya sai sun gaisa, su tambayi iyali, sannan kowa ya koma yana satar kallon abin da ɗan'uwansa ke ƙerawa.

Game da wutar rana Habila yana da ra'ayinsa, kuma ba ya jiran a tambaye shi. Allunan nan masu shan rana da ake ce wa fano, waɗanda suka fara bayyana a kan rufin masu cajin waya da ƴan shaguna, a wurinsa kayan wasa ne. Yakan ce wutar da ta tsaya ga kunna ƙwan fitila da rediyo ba wuta ba ce, wuta ita ce wadda ke narkar da ƙarfe.

Sai daminar 2023 ta zo, aka yanke kuran, wato wutar lantarkin da ke shigowa daga Najeriya. Wutar gari ta koma ta leƙo ta tsere. Ka ɗauko ƙarfe ka daidaita shi, kafin ka ɗora wuta ta tafi. Habila yana da wani tsohon gurup, injin ba da wuta, a bayan rumfa, amma esans, wato fetur, ya yi tsadar da in ka kunna shi don amalanke guda, to kai ka saya wa mai amalanken. Ya rufe rumfa ya koma gona. Da aka gama girbi ya rasa abin yi, sai ya dawo gida ya zauna.

Keziya ta ce a duk zaman aurensu ba ta taɓa shan wahala irin ta waɗannan watanni ba. Mutumin da hannunsa bai saba zama ba, ya waiwayo kan gidanta. Ya cire ƙyauren ɗakin da ba abin da ya same shi, ya sake kafa shi. Ya wasa wuƙaƙenta har ta yanke yatsa wajen yankan kuɓewa. Ya shiga madafa ya jera mata tukwane daga babba zuwa ƙarama, ta wuni tana neman ludayi. Ran da ta dawo daga kasuwa ta tarar yana auna turminta da taƙi, yana cewa gefensa ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ta ajiye kayanta ta zauna ta yi dariya har da hawaye, don ta ga in ba ta yi dariya ba faɗa za a yi.

A cikin wannan hali aka yi shela a rediyon gari cewa ana neman duk masu walda a ofishin magajin gari. Habila ya ce ba za shi ba, taro ne na masu furoje, ƴan ayyukan tallafi, su yi ta turanci su raba lemo a watse.

Keziya ta ɗauko masa hularsa ta miƙa masa. "Baban Matiyu, ka tahi. Ko ba su ba ka komi ba, ni dai sun ba ni hutun yini guda."

Ya tafi. Wadda ta yi musu bayani wata matashiya ce mai suna Shamsiyya, ƴar Tasawa, ta yi karatun aikin lantarki a Yamai, gwamnati ta turo ta gida. Da Hausa ta yi magana, sai in kalma ta ƙi ta jefa ta faransanci. Ta ce akwai shiri na ba masu lambu famfon da ke aiki da rana, don su huta da sayen mai. Fano da famfo dole a sayo su daga waje, tunda ba a ƙera su a ƙasar tukuna. Amma ƙarfen da za a ɗora fano a kai, da hasumiyar tankin ruwa, da ƙofar shinge, gwamnati ta ce ba dalilin da zai sa a yi ta jigilarsu daga ƙasashen nesa alhali ga masu walda zaune ba aiki. In a nan aka yi su, abin da aka kashe ya zauna cikin gari, in kuma wani abu ya karye mai gyara yana kusa. Sharaɗi ɗaya ne, kowa zai bi awo guda, yadda abin da aka ƙera a Tasawa zai zauna daidai a Mayahi. Don haka sai an fara da horo a santir, wato cibiyar koyon sana'a, inda aka rufe rufin da fano, aka cika ɗaki guda da batura. A can za su yi aikin, kowa da lokacinsa.

Habila ya ɗaga hannu ya tambaya ko da wutar cajin waya ake nufin su yi walda. Aka yi dariya. Shamsiyya ma ta yi, ta ce ya zo da sandar waldarsa ya gwada da kansa.

Ya je da niyyar ya kunyata abin. Rana tsaka ya sa tabarau, ya ɗora sanda a kan ƙarfe, wuta ta kama nan take, ta tsaya cak ba rawa. Ya ja layi ɗaya, ya kankare, ya duba. Ya ja na biyu. Ya fito waje ya ɗaga kai yana kallon rufin, ya koma ciki ya ja na uku. Da ya koma gida Keziya ta tambaye shi yadda aka yi, ya ce ba laifi. Ta ce tun da take da shi ba ta taɓa jin ya yabi wani abu har haka ba.

Horon ne ya ba shi wuya. Shi ne mafi tsufa a ajin, ya zauna kan benci kamar ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko, gwiwoyinsa na gogar tebur. Bai taɓa aiki da zane a takarda ba, awonsa taƙi ne da ido da wata sanda da ya yi wa tsaga-tsaga. Yanzu ga mita, ga layuka, ga lambobi ƙanana da sai ya nisanta takardar da fuskarsa yake ganinsu. Sirajo, wanda ya ɗan taɓa lakwal, nan da nan ya gane, har yana leƙowa yana nuna masa. Wannan ya fi komi ƙona wa Habila rai.

Da aka ce kowa ya ƙera ƙarfen ɗora fano guda a gani, Habila ya dubi zanen ya ga ƙarfen sirara ne, kuma an karkata saman kamar rumfar da ta gaji. Ya yanke shawarar gyara musu. Ya zaɓi ƙarfe mai kauri, ya yi abinsa shimfiɗe sumul kamar gadon amalanke, ya ƙara masa ƙafafu biyu. Sai da mutum huɗu suka taru kafin a fito da shi fili. Ya hau kai ya yi tsalle don kowa ya gani.

Shamsiyya ta zagaya shi, ta shafa waldar, ta ce ba ta taɓa ganin mai kyanta ba. Sannan ta ce, "Baba, ƙarfi kam ba magana. Amma zo ka ga wani abu."

Ta sa aka ɗora fano ɗaya a kan nasa, ɗaya a kan na Sirajo. Ta ɗebi rairayi ta watsa wa kowanne, ta ɗauki buta ta zuba ruwa. A kan na Sirajo ruwan ya gangara ya tafi da rairayin. A kan na Habila ya kwanta ya zama taɓo. Ta ce fanon da taɓo ya rufe daidai yake da idon da ke rufe, kuma karkatar nan kudu take kallo don ta tari rana yadda ya kamata a tsawon shekara. Ƙarfen da ya zuba a guda ɗaya kuma, da ya ishi lambu uku.

Habila ya ɗauki hularsa ya tafi. Ya yi ƴan kwanaki bai leƙa santir ba, yana gida yana cewa an kawo yarinyar da aka haifa jiya ta koya masa ƙarfe. Keziya ta bar shi ya gama, sannan ta tuna masa cewa yarinyar ba ƙarfe ta koya masa ba, rana ta koya masa, kuma shi bai taɓa cewa ya san rana ba. Da yamma sai ga Shamsiyya da kanta ta yi sallama, ta durƙusa ta gaida su, ta kawo masa tabarau na karatu da ta saya a kasuwa. Ta ce ta lura lambobin ne ke ba shi wahala, ba aikin ba. Keziya ta cika mata leda da ƙuli-ƙuli. Washegari ya koma, ya yanka wancan dodon nasa da hannunsa, ya fitar da uku daga cikinsa.

Aka shiga aiki sosai. Motoci na zuwa suna kwasa, ana kai wa ƙauyukan da ke bin Gulbin Kaba, inda ruwa ke kusa kuma mutane ke noman rani a tsakanin itatuwan goruba. Habila ya saba da mita har ya rataye ta a wuya, ya daina barin ta ko za shi majami'a.

Cikin waɗanda suka samu famfon akwai Danda, wani manomi daga wajen Mayahi, tsohon mai sayen amalanke a wurin Habila. Sun san juna tun suna da baƙin gashi. Wata Lahadi Habila ya fito daga sujada ya tarar da taro a gaban rumfarsa. Danda ne a tsakiya da jakinsa. A kan amalankensa ga ƙarfen fano, an tono shi daga ƙasa har da dunƙulen siminti a ƙafafunsa, an ɗaure shi da igiyar kaba ta ko'ina. Fano ɗaya ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa.

Danda ya yi bayani ba tare da jin ya yi wani laifi ba. Lambunsa biyu ne, kowanne da rijiyarsa, tsakaninsu akwai tafiya. An kafa masa fano a ɗaya, ɗayan yana ƙonewa. Ga na ƙanwarsa gwauruwa a kusa, ita ba ta samu ba. Ga shi kuma tun da aka kafa abin bai kwana gida ba, yana tsoron shanun da ke wucewa su soshe jikinsu da shi. Shi ya sa ya tono shi yana yawo da shi, kuma aiki na tafiya, sai dai jiya jaki ya faɗa rami.

Aka kira Shamsiyya. Da ta ga tsagaggen fanon ranta ya ɓaci, ta ce wannan kayan jama'a ne, ba a ba shi don ya yi kilisa da shi ba. Danda ya saurare ta har ta gama, ya ba ta haƙuri, sannan ya juya ga Habila.

"Kai da ka sa wa buhun gero ƙahwa, ka sa wa tulun ruwa ƙahwa, wanga ɗan allo ne ya hi ƙarhinka?"

Habila ya dubi Shamsiyya, ita ma ta dube shi. Ta ce ba ta da izinin canja zane. Sannan ta ce amma ba wanda ya hana ta gwajin ɗora fano a kan amalanke a bayan santir da ragowar ƙarfe, in an tashi daga aiki.

Haka suka yi ta yi har sanyi ya wuce. Abin da Habila ya sani shi ne gindi: inda za a sa taya, yadda nauyi zai zauna don kada ya danne jaki ko ya ɗaga shi sama. Abin da Shamsiyya ta sani shi ne sama: karkata, da waya, da yadda za a cire famfo a mayar ba tare da manomi ya taɓa abin da zai ja shi ba. Sun yi gardama ba iyaka. Na farkon da suka yi, fanon a buɗe yake, iska ta taso ta tura shi shi kaɗai ya bi gangare, suka bi shi da gudu, ita da mayafinta a hannu, shi yana haki, har ya tsaya a jikin dalar gyaɗar wani. Daga nan suka yi masa maɗauri irin na ƙyaure, yadda fano biyu za su naɗe su tsaya tsaye in ana tafiya, a buɗe su in an isa. Habila ya yanka tsohuwar taya ya sa a duk inda gilashi ke taɓa ƙarfe.

Ranar gwaji Danda ya zo da jakinsa. Aka jawo shi za a ɗaura masa, sai ya hango kansa a cikin baƙin gilashin. Ya tsaya, ya miƙe kunnuwa, ya ga wani jaki ya miƙe masa kunnuwa. Ya saki kuka, ya yi kansa da haƙora. Da ƙyar aka riƙe shi. Aka zagaya da shi ta ɗaya gefen, can ma ga abokin gabar yana jiransa. Maza biyar suka yi ta fama, wani na cewa a rufe masa ido, wani na cewa a nemo bijimi a maimakonsa, Shamsiyya ta tsaya gaban fanon ta buɗe hannuwa tana kare shi.

Ana cikin haka Keziya ta iso da kwanon abinci a ka. Ta tsaya ta kalle su. Ta sauke kwanon, ta ɗauki tabarmar kabar da ke shimfiɗe a inuwa, ta kakkaɓe, ta yafa wa fanon, ta ɗaure da bakin igiya. Jaki ya duba, ya ga ba kowa, ya sunkuyar da kai ya shiga tsakanin sanduna da kansa.

"To, ku ci abinci tun bai huce ba," in ji ta.

Tabarmar nan ba a sake cire ta daga tsarin ba, don an ga tana kare gilashin daga tsakuwa da ƙaya a hanya. Daga baya matan ƙauyen su Danda, waɗanda dama saƙar kaba ce sana'arsu, suka shiga saƙa ta daidai awon fano.

Shamsiyya ta rubuta rahoto ta aika Maradi, daga can aka wuce da shi Yamai. Aka yi shiru. Kuran gari ya dawo, Habila ya buɗe rumfarsa ya koma kan amalanke, damina ta zo ta wuce. Ya riga ya fid da rai, sai ga baƙi a mota sun zo gani. Babbansu wani injiniya ne mai ƙiba da fara'a. Bai yarda da kallo daga nesa ba, ya karɓi linzami ya kora jakin Danda da kansa a kan kunyoyi, ya juya, ya sake. Ya sauko ya ce abin ya yi, amma da gyara: a sa ƙafafun tokare don kada ya girgiza in an buɗe, a rufe wayoyi cikin bututu saboda awaki, a sa wurin kwaɗo. Habila ya so ya yi musu, ya duba ya ga duk ukun gaskiya ne, ya yarda.

Abin da bai shirya masa ba shi ne abin da ya biyo baya. Da aka amince, aka buga zanen aka raba wa duk masu waldar da ke cikin shirin, daga Tasawa har Mayahi. Wata safiya ya hanga tsallaken kwalta ya ga Sirajo yana yanka tsohuwar taya. Ranar bai gama gaisuwa ba ya koma rumfa. Ya gaya wa Shamsiyya cewa shi da ita da jakin Danda suka sha wahalar abin nan, yanzu kowa ya miƙo hannu. Ta ce masa masu lambun da ke jira sun fi ƙarfin rumfa ɗaya, ko ya daina barci ba zai gama musu ba kafin ƴaƴansu su gaje su. Ta kuma ce an ba ta saƙo ta tambaye shi ko zai yarda ya riƙa zuwa santir yana nuna wa sauran yadda ake zaunar da gindin, don a takarda kowa na gani, amma a ƙasa da yawa amalankensu na ɗaga jaki.

Ya ce zai yi tunani. Keziya ta ce tunanin bai wuce tsawon cin tuwo ba, ya tashi yana tambayar ta ina rigarsa mai aljihu biyu.

Koyarwa ta karɓe shi fiye da yadda kowa ya zata. Ba ya dogon bayani. Sai ya sa mutum ya shiga tsakanin sanduna a matsayin jaki, a ɗora kaya, ya ji a kafaɗarsa inda nauyin ya faɗa. Manyan magidanta suka yi ta jan amalanke a filin santir ana dariya, kuma ba wanda ya manta darasin. Sirajo ma ya ja. Bayan ƴan makonni shi Sirajon ya zo da wani maɗauri da ya sake wa fasali, wanda ba ya cijewa in rairayi ya shiga. Habila ya juya shi a hannu, ya buɗe ya rufe, ya nemi aibi bai samu ba. Ya ce wa Sirajo ba laifi. Tun daga ranar irinsa yake sawa, kuma in an tambaya yakan faɗi mai shi.

Yanzu rufin rumfar Habila ma fano ne, ya saya da kansa kaɗan-kaɗan. Bai kai na santir ƙarfi ba, amma yana riƙe masa ƙananan ayyuka in kuran ya tafi. Amalanken gero da na taki har gobe shi ne rabin aikinsa. Danda yana shayar da lambunsa biyu da na ƙanwarsa, yana kwana a ɗakinsa, kuma duk lokacin da ya shigo kasuwa sai ya sauke wa Keziya albasa da kabeji fiye da abin da gida biyu za su ci, ita kuma ta bi maƙwabta da su. An ƙara wa Shamsiyya girma, yanzu har Mayahi take dubawa, amma in ta shigo gari takan tsaya a rumfar ta sha ruwa.

Kwanan baya wata mata mai suna Tanna ta zo daga Issawane a bayan kabu-kabu, babur ɗin haya. Shugabar matan da ke tara madara ce a can. Ta ce madararsu na lalacewa kafin ta kai kasuwa, ta ji labarin amalanken da ke ɗauke da rana, shin ba za a iya ɗora masa firiji ba? Habila ya ce bai sani ba. Ya tambaye ta nisan hanyar, da yawan rairayinta, da ko jaki ne zai ja ko sa. Ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya. Ya sa tabaransa na karatu, ya share ƙasa da tafin hannu, ya fara zane da guntun ƙarfe, Tanna ta tsuguna tana nuna masa girman ƙwaryoyinsu. Da ya kai inda waya za ta bi sai ya tsaya, ya ciro wayarsa daga aljihu ya kira Shamsiyya, ya tambaye ta yaushe za ta shigo Tasawa.